Wace babbar manhaja za a sa wa kwamfutocin ƙaramin asibiti a Tawa?

Wata Hajiya, ungozoma mai ƙaramin asibitin haihuwa a Tawa, ta aiko mini da tambaya. Kwamfuta biyar gare ta, duka na hannu, huɗu na tebur, ɗaya ta ɗauka, kowace da RAM, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke aiki da ita nan take, jiga 4, kuma duka Windows 10 ne a kansu. A ciki ake rubuta sunayen mata masu zuwa awo, da sakamakon gwajin jini, da lissafin kuɗi. An gaya mata Windows 10 ta daina samun gyara, injinan kuma ba su ɗaukar Windows 11. Mai yi mata gyara ya ce a sa Ubuntu. Ɗanta da ke karatu a jami'a nan Yamai ya ce Ubuntu ta ƴan koyo ce, in tsaro ake so sai OpenBSD, ko Qubes, ko Kali. Ita kuma tana son ta san wacce ta fi tsaro, wacce kuma ta fi sauƙin sakawa.

Hajiya, barka da aiki, ya mutanen Tawa, ya zafi? Abin da aka gaya miki gaskiya ne. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya rufe tallafin da ya saba bai wa Windows 10, Windows 11 kuma tana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da injin zamani, abin da yawancin tsofaffin kwamfutocin da ke shigo mana ba su da shi. Amsata a taƙaice: ki sa Linux Mint, nau'in Xfce marar nauyi, a kan na teburin nan huɗu, ki sa wa ta ɗaukar ita ma amma ki kulle faifanta, ki kuma ɗora wa mutum guda alhakin sabunta su duk mako. Ɗanki bai yi ƙarya ba da ya ce OpenBSD da Qubes sun fi ƙarfin gini. Sai dai ya amsa tambayar da ba ke kika yi ba, kuma zan nuna miki dalili, don ki iya zama da su biyun ku yanke magana.

Mu fara da sanin ɓarawon da ake wa katanga. Shekaru da dama ina bin ofisoshi da kantunan magani da makarantu a Yamai ina gyara, kuma abin da ke cinye bayanan mutane a wurare irin naki bai cika wuce waɗannan ba: kile, wato ƴar sandar USB, mai cuta, kwamfutar da aka sace ko aka kai gyara da komai a buɗe, kalmar sirri ɗaya da kowa ya sani har mai shara, da faifan da zafi da ƙura da ɗaukewar wuta suka kashe ba a yi kwafi ba. Kin san kilen nan da ake kai wa wurin hotokopi, a dawo da ita duk jakunkunan takardu sun koma gajerun hanyoyi masu ƴar kibiya a gindi, sakatariya ta ɗora hannu a ka ta ce komai ya ɓace. In na soka irin wannan kile a kwamfuta mai Linux, sai in ga takardun suna nan lafiya, ɓoye su kawai aka yi, a gefe kuma ga ƴan fayilolin cutar a zube, ba su iya motsi domin don Windows aka rubuta su. In goge su da hannu, in miƙa wa mai ita. Wannan ribar za ki same ta a kowace manhajar da aka ambata miki, daga Mint har OpenBSD. Amma ki sani, Linux ba ta wanke kile da kanta. In ba a goge cutar ba, tana nan kwance, kuma ranar da aka soka kilen a Windows ɗin maƙwabta za ta tashi.

Duk manhajojin nan da aka ambata miki a buɗe suke, kuma kasancewar manhaja a buɗe, ma'anarsa rubutun da aka gina ta da shi kowa na iya karantawa, ya gyara, ya raba. Wasu na jin haka sai su ɗauka ba ta da ɓaraka. Tana da ita. A watan Mayu 2008 wani ɗan Ajantina, Luciano Bello, ya gano cewa wani ɗan gyara da aka yi a Debian, ɗaya daga cikin manyan manhajojin Linux, tun 2006 ya raunana makullan sirrin da ake ƙerawa da ita, har ya zama yawansu bai wuce dubu talatin da ƴan kai ba ga kowane nau'i, abin da kwamfuta ke gwadawa ɗaya bayan ɗaya cikin ɗan lokaci. Kusan shekara biyu abin yana fili ba wanda ya lura. Na watan Maris 2024 ya fi ban tsoro. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe sama da shekara biyu yana taimakawa a wata ƴar manhajar matse fayiloli mai suna xz, har aka yarda da shi aka ba shi ragama, sannan ya dasa ɓarauniyar hanya a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Wanda ya kama shi, Andres Freund, injiniya ne da ya lura shiga wata kwamfutarsa ta nesa ya ƙara jinkirin kamar rabin daƙiƙa, ya ƙi barin maganar har ya tono tushenta.

Abin da nake so ki riƙe a wannan labari shi ne su wa abin ya taɓa. Ya shiga manhajojin da ke rige-rigen ɗaukar sabon abu: reshen gwaji na Debian, reshen gwaji na Fedora, openSUSE Tumbleweed, da ita Kali ɗin da ɗanki ya ambata. Debian tsayayya da Ubuntu mai dogon zango, da Mint da aka gina a kanta, bai kai gare su ba, domin su ba su karɓar sabon fitowa sai ya kwana biyu, faci kawai suke yi wa tsohon da suka sani. Ga mai asibiti wannan jinkirin alheri ne.

Yanzu OpenBSD, wadda ina girmama ta ƙwarai, kuma na fahimci abin da ya ja hankalin yaron. Theo de Raadt ya kafa ta a 1995, daga Kanada ake jan ragamarta, kuma mutanenta sun ɗauki tsaro kamar ibada. Suna bin rubutun layi-layi suna neman kuskure. Duk abin da ba dole ba a kashe yake zuwa, sai kin kunna da kanki. Su suka ƙera OpenSSH a 1999, wadda yau kusan duk uwar garken da ke duniya, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima, da ita ake shiga daga nesa, har Windows ta ɗauka. Sun kawo wasu dabaru biyu, pledge da unveil, da ke sa kowace ƴar manhaja ta faɗi tun farko abin da za ta yi da fayilolin da za ta taɓa. In ta yi yunƙurin aikin da ba ta yi alkawari ba a kashe ta nan take, fayilolin da ba ta ambata ba kuma ba ta ma ganinsu. Suna alfahari da cewa a tsawon tarihinsu sau biyu kacal aka samu kafar shiga daga nesa a manhajar yadda take fitowa, a 2002 da 2007. Sakawar ma ba ta da tsawo. Tambayoyi ne a rubuce a baƙin allo, yawancinsu Enter kawai ake dannawa, cikin ƴan mintoci an gama.

Matsalar tana farawa bayan an gama. Alfaharin nan na kafa biyu a kan gangar jikin manhajar yake, kafin a ɗora mata komai. Ke kuwa sai an ɗora miki abin shiga intanet, da LibreOffice ta rubuta takardu da lissafi, da abin buɗe PDF, da na firinta, kuma ta nan ne cuta ke shigowa a kwamfutar ofis. Ba ta da Bluetooth sam, tun 2014 suka cire. Katunan wifi da yawa ba su aiki, haɗa firinta aikin mai haƙuri ne, teburin aiki mai hotuna irin wanda sakatariyarki ta saba da shi kuma sai an zauna an haɗa shi da hannu. Duk wata shida suke fitar da sabuwa, biyu na ƙarshe kawai suke yi wa faci, ke nan duk shekara dole a ɗaga ta. Ga kuma abin da ya shafe mu musamman: tsarin ajiyar fayilolinta, in wuta ta ɗauke tana cikin aiki, sai ta tsaya ta binciki faifan kafin ta tashi, wani lokaci ta tsaya cak tana jiran a ba ta umarni a rubuce. Ki ɗauka watan Afrilu ne a Tawa, wuta ta ɗauke sau uku kafin azahar, mata na zaune a benci suna jiran kati, allo ya yi baƙi yana tambaya da Turanci, wanda ya iya kuma yana Yamai, tafiyar sama da kilomita 500. A ranar za a ce a dawo da Windows ɗin sata da aka saba, a koma gidan jiya, ko ma abin da ya fi jiya muni. Na ga an yi haka ba sau ɗaya ba, da manhajojin da ba su kai OpenBSD wuya ba.

Inda OpenBSD ke haskakawa shi ne bakin ƙofa: ƙaramar na'ura guda tsakanin intanet da kwamfutocin gida, tana tace abin da ke shiga da fita da katangarta mai suna PF, ba mai taɓa ta. Asibiti mai kwamfuta biyar da ƴar akwatin intanet guda bai kai ga buƙatar wannan ba tukuna.

Ƴar uwarta FreeBSD, ta 1993, ita ma ta uwar garke ce. Netflix da ita yake tura finafinai, tsarin ajiyarta ZFS kuma yana jure ɗaukewar wuta sosai. Amma a al'adance ba ta zuwa da teburin aiki, kuma wifi na ba ta wahala. In wata rana asibitin ya girma kina son na'ura guda da za ta tara bayanan kowa, a tuna da ita.

Qubes dabara ce mai kyau ƙwarai. Joanna Rutkowska, ƴar Folan, ta fitar da ita a 2012 bisa tunanin cewa tunda ba za a iya hana ɓaraka ba, a raba gidan ɗaki-ɗaki: ɗakin banki daban, ɗakin wasiƙu daban, kile ma ɗakinta daban, in wuta ta kama ɗaya ba ta tsallaka wa sauran. Kowane ɗaki kwamfuta ce ta ƙarya mai cin nata RAM, shi ya sa masu ita suka ce mafi ƙaranci jiga 6, suna ba da shawarar 16. Naki 4 ne, maganar ta ƙare a nan. Tails, wadda mai yiwuwa zai ambata miki gaba, a kile take zama, tana bi da komai ta hanyar Tor mai ɓoye sawun mutum a intanet, in an kashe kwamfuta ta manta duk abin da aka yi. Ga ɗan jarida mai ɓoye majiyarsa ta dace. Asibiti kuwa tunawa yake so.

Kali ce kaɗai zan ce miki a'a da babbar murya. Samari na sonta saboda sunan da ta yi a wurin masu kutse, amma akwatin kayan aiki ce ta masu gwada ƙarfin katangar wasu, kamar jakar maƙerin da ake kira ya fasa kwaɗo. Tarin guduma da kurfi ba ya sa ƙofar gidan maƙeri ta fi ta kowa ƙarfi. Masu ita da kansu sun rubuta cewa ba su ba da shawarar a yi aikin yau da kullum da ita, balle ga wanda bai san Linux ba.

Saura huɗun da ke gabanki da gaske: Fedora, Ubuntu, Debian, Mint. Dukansu zuciya ɗaya gare su, wato Linux da Linus Torvalds ya fara a 1991. Bambancin yana ga abin da aka kunna tun daga fitowa, da tsawon lokacin da za a yi ta aiko miki da faci, da yawan intanet da za su ci.

In aka bi tsaron da ke zuwa a kunne, Fedora ce gaba. Katangarta a tsaye take tun ranar farko, tana da SELinux mai ɗaure kowace manhaja a iyakarta, kuma tana amfani da sabon tsarin allo, Wayland, wanda ke hana wata manhaja leƙen abin da ake bugawa a tagar wata. Sakawarta ba wuya. Amma wata goma sha uku kawai ake kula da kowace fitowa, sabuntawarta kuma ba ta ƙarewa, yau ɗari biyu na mega, jibi ɗari huɗu. Ga mai sayen forfe, wannan kuɗi ne, kuma abin da ke faruwa shi ne a gaji a daina. Fedorar da ta shekara biyu ba a ɗaga ta ba ta fi kowace Mint mai samun faci rauni, komai yawan makaman da aka haife ta da su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a wannan sana'a tsagar kusan kullum tsohuwa ce wadda an daɗe da fitar da facinta, ba a dai liƙa ba.

Ubuntu, da mai gyaranki ya zaɓa, ba zaɓin banza ba ne, kuma cewa ta ƴan koyo ce magana ce ta ƙuruciya: manyan kamfanoni da ita suke aiki. Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fara ta a 2004. Duk shekara biyu a watan Afrilu suna fitar da mai dogon zango, wadda ake yi wa faci shekara biyar, kuma facin tsaro da kansa yake sauka. Ita ce kuma aka fi sani a nan. In ta lalace, a Tawa ma za ki samu wanda ya taɓa ganinta. Abu biyu ke sa ni ja baya a injinanki. Teburinta na GNOME yana da nauyi ga jiga 4, da an buɗe shafuka biyar na intanet da takardar lissafi sai ta fara jan ƙafa. Sannan wasu manhajojinta, har da Firefox, suna zuwa ne a wani ƙunshi mai suna snap, wanda ke sabunta kansa ba tare da neman izini ba. Ta fuskar tsaro hakan daidai ne. Ta fuskar forfe, sai a wayi gari an ga ya ƙare ba a san inda ya tafi ba, sai in an saita ta ta san layin na awo ne.

Debian ita ce uwa, tun 1993, daga cikinta Ubuntu ta fito, daga Ubuntu kuma Mint. Ba kamfani ke riƙe da ita ba, jama'a ce ta masu sa kai. A kwamfutata ita nake amfani da ita, saboda natsuwarta: sabuntawarta kaɗan ce, kusan duk ta tsaro, kuma ana kula da kowace fitowa kimanin shekara biyar. Da can babbar wahalarta wifi ne, a gama sakawa a ga ba reso, amma tun Debian 12 a 2023 suka fara haɗo ƴan manhajojin da katunan ke buƙata a cikin faifan sakawa. Har yanzu dai tana yin tambayoyin da ke rikita baƙo, kuma abubuwa da dama sai an buɗe baƙin allo. Da mai gyaranki ya ƙware a kanta, da ita zan ce a sa.

Mint na zaɓa miki saboda mutanen da za su zauna gabanta. Fuskarta kamar Windows ɗin da suka sani, maɓallin farawa a ƙasa hagu, agogo a dama, da Faransanci tsaf. Nau'in Xfce ba shi da nauyi. Jerin Mint 22 an gina shi a kan Ubuntu 24.04, yana shan facinta, kuma za a kula da shi har 2029. Ba ta zuwa da snap. Faifan sakawarta kusan jiga 3 ne, na Ubuntu kusan 6. Ga kuma rauninta, don kada ɗanki ya ce na ɓoye: katangarta a kashe take zuwa, sai an kunna, har yanzu tsohon tsarin allo X11 take amfani da shi, wanda bai kai Wayland tsare sirrin tagogi ba, sabuntawa kuma tana jiran a danna, sai in an saita ta ta riƙa yi da kanta. Masu Mint da kansu sun koka a 2021 cewa da yawan masu amfani da ita ba su sabuntawa. Na farko da na uku aikin minti biyar ne. Na biyun kuwa sai mugun abu ya riga ya shiga kwamfutar yake da tasiri, kuma in ba a ɗauko manhaja daga ko'ina ba sai rumbun Mint, da wuya ya samu hanya.

Wajen sakawa, kada a karɓi kwafi daga hannun kowa ba a tantance ba. A watan Fabrairu 2016 an kutsa shafin Mint ɗin kansa, aka mai da mahaɗin saukewa zuwa gurɓataccen kwafi na kwana guda. Kowane faifai yana da wata doguwar lamba da ake kira SHA256, kamar zanen yatsa. A lissafa ta a kan wanda aka sauke, a gwada da wadda masu manhajar suka wallafa, in harafi ɗaya ya saɓa a zubar. Ɗanki zai iya sauke shi a Yamai inda intanet ya fi sauƙi, ya tantance, ya rubuta a kile, ya aiko a mota. Sau ɗaya ake saukewa, a sa wa duka biyar.

Kafin a goge komai, a tayar da kowace kwamfuta daga kilen, domin Mint na aiki daga kile ba tare da ta taɓa faifai ba. A gwada wifi, a gwada sauti, a buɗe ainihin takardun asibitin a LibreOffice a ga ko layukan jadawali sun zauna daidai, sannan a buga shafi guda a firinta. Firintocin HP galibi da an soka suke kamawa. Irin Canon LBP2900 ɗin nan da ta cika ofisoshinmu tana buƙatar direba na musamman, kuma gara a san haka tun Windows na nan. A kwafe bayanan duka a faifai biyu na waje kafin a fara, a buɗe kwafin a tabbatar yana buɗuwa.

Kulle faifai shi ne wurin da nake so a yi a hankali. Lokacin sakawa akwai wani ɗan akwati da ake dannawa, sai a rikitar da duk abin da ke faifan da wani tsari mai suna LUKS, ba mai iya karantawa sai da kalmar da aka zaɓa. In ba a yi haka ba, kalmar sirrin shiga ba ta hana komai: wanda ya ɗauki kwamfutar zai tayar da ita da kile irin wadda muka yi magana, ya karanta sunan kowace mace da sakamakon gwajinta. A gari kamar Tawa inda kowa ya san kowa, fitar sakamakon gwaji guda na iya kashe aure. Ƙasarmu ma tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai, kuma bayanan lafiya na cikin waɗanda aka fi tsanantawa. Don haka ta ɗaukar dole a kulle ta, haka duk wadda rajistar marasa lafiya ke ciki.

Amma kalmar in ta ɓace, ta ɓace, ba ni ba, ba wanda ya ƙera manhajar ba, babu mai buɗewa. Wani mai kantin magani a wajen Wadata a nan Yamai ya taɓa kirana da sassafe, murya na rawa, ya ce kwamfutar ta ƙi kalmarsa, shi kuwa ya rantse bai manta ba. Na je na same shi ya rubuta ta a takarda yana bugawa harafi-harafi da yatsa ɗaya, gumi na ɗiga a kan teburin. Bai manta ba. Injin nasa allon bugawarsa na Faransanci ne, AZERTY, amma a matakin farko na tashi, kafin manhajar ta gama farkawa, tana karanta maɓallan a tsarin Amurka, QWERTY. Duk inda ya danna a, q take gani. Da na gane, na buga masa kalmar yadda injin ke ji, ta buɗe, ya zauna a kan kwali ya yi ta hamdala. Tun ranar, kalmar kulle faifai ba na barin a sa mata a, q, z, w, m, ko lambobi da alamomi, domin su ne ke sauya wuri tsakanin tsarin biyu. A haɗa kalmomin Hausa biyar ko shida da ba su da alaƙa da juna kuma ba su da waɗannan haruffa, irin su tudu, kifi, rini, gero, a rubuta a takarda biyu, ɗaya a akwatinki na gida, ɗaya wurin wanda kika amince da shi. Kada a yi amfani da waɗannan da na rubuta, ki zaɓi naki.

Bayan an gama, kowace ma'aikaciya a buɗe mata nata asusun da tata kalmar, ba tare da ikon saka manhaja ba. Ikon shugaba ya tsaya wurinki da mai gyara. A buɗe saitin katanga a kunna ta. A shiga manajan sabuntawa a sa ya riƙa yi da kansa, ko kuma, in forfe ne abin ji, a tsayar da rana guda a mako, a rubuta sunan mai yi a jikin bango kusa da jadawalin masu kwana. In kwamfutocin na kan layi ɗaya, mai gyara ya sa apt-cacher-ng a guda, sai ta sauke faci sau ɗaya sauran su sha daga gare ta. Kada a fara sabuntawa a kwamfutar tebur in ba ta da ondilar, batirin nan mai riƙe wuta na ƴan mintoci. In kuwa wuta ta yanke ana tsaka, yawanci umarnin sudo dpkg --configure -a yana ƙarasa abin da ya rage, a rubuta shi a ajiye. Mint na da Timeshift mai mai da manhaja yadda take jiya in wani abu ya karye, amma ba ya ajiye takardunki. Su sai kwafi a faifan waje, shi ma a kulle, duk ranar Alhamis misali, kuma ya kwana a gida, kada ya kwana a ɗaki ɗaya da kwamfutocin.

Na ce huɗu da ɗaya, amma ki duba wani abu tukuna. In akwai na'urar hoton ciki ko ta gwajin jini da manhajarta ba ta aiki sai a Windows, ko wata manhajar lissafi da aka saya, to kwamfutar da ke haɗe da ita a bar mata Windows ɗinta, a zare mata intanet gaba ɗaya, a ware mata kile guda wadda ba ta zuwa ko'ina sai tsakaninta da Mint. Kada a sauya duka rana ɗaya. A fara da ta sakatariya, a yi mako biyu ana aiki da ita, abin da ya ƙi a gyara, sannan a bi sauran.

Shi kuma yaron, ki ce ina gaishe shi, kuma sha'awar da yake yi wa OpenBSD ta burge ni. In ya zo hutu, ki ba shi tsohuwar kwamfuta guda da ba kowa a kanta, ya sa mata katin reso na biyu, ya koyi PF a kanta har ya iya tayar da ita bayan ɗaukewar wuta ba tare da ya duba waya ba. Kafin nan, aikin da zai yi miki daga Yamai shi ne sauke Mint 22 Xfce, tantance lambar SHA256, da kiran mai sabuntawa duk mako ya ji ko an yi.